Ɗan mazan jiyan da ya koma gida sau uku: nazari a kan rayuwar Jimmy Carter

Ranar 7 ga Janairu 2025, motar da ta ɗauko gawar Jimmy Carter ta tsaya a tsakiyar birnin Washington, a dandalin tunawa da sojojin ruwan Amurka. Nan aka sauke akwatin, aka ɗora shi a keken da dawakai ke ja, sannan aka nufi majalisar dokoki da shi. Mafi yawan mutane shugaban Amurka na 39 suka sani, wasu kuma manomin gyaɗa. Wannan tsayawa ita ta tuna wa jama'a cewa kafin siyasa da kasuwanci, mutumin nan soja ne. Ya yi shekara 3 a makarantar hafsoshin sojan ruwa da ke Annapolis, ya ƙara 7 cikin kaki, ya bar aiki da muƙamin laftanar.

Carter bai taɓa shiga fagen daga ba, gara a faɗa tun yanzu. Yana makaranta Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙare, lokacin yaƙin Koriya kuma yana can kan jiragen ƙarƙashin teku, nesa da inda ake ɓarin wuta. Duk da haka in ana neman misalin ɗan mazan jiya da ya ajiye kaki ya rungumi iyalinsa da garinsu, da wuya a samu wanda rayuwarsa ke a buɗe kamar tasa, da kyawunta da tabonta. Abin da ya fi jan hankalina a tarihinsa shi ne komawa gida. Sau biyu ya koma ƙauyensu da ransa, duka biyun kuwa mutane sun ɗauka faɗuwa ce. Na ukun a cikin akwati aka kai shi.

Kaki

An haife shi ranar 1 ga Oktoba 1924 a Plains, wani ɗan gari a kudancin jihar Jojiya wanda har yau mutanensa ba su kai dubu ba. Ya tashi a gonar mahaifinsa da ke Archery, gidan babu lantarki babu famfo sai da ya fara tasawa, maƙwabtansu kuma kusan duk baƙar fata ne masu noma a filayen Turawa. Uban, Earl Carter, manomi ne kuma ɗan kasuwa mai tsanani, wanda ya yarda da tsarin wariyar launin fata na zamaninsa. Uwar, Lillian, ma'aikaciyar jinya ce da ke shiga gidajen baƙaƙe tana duba marasa lafiya ba ruwanta da surutun gari. Ita ce daga baya, tana da shekara 68, ta tafi Indiya aikin sa kai.

Ya gama Annapolis a 1946, ranar 7 ga Yuli na shekarar kuma aka ɗaura aurensa da Rosalynn Smith, ƙawar ƙanwarsa, 'yar garinsu. Da farko ma ta ƙi shi, don ta yi wa mahaifinta alkawarin gama karatu kafin ya rasu. Daga nan sai yawon barikoki: Norfolk, Hawaii, San Diego, Connecticut. A wannan yawo suka haifi 'ya'ya maza uku, kowanne a gari daban.

A 1952 ya nemi shiga sabon shirin jiragen ƙarƙashin teku masu aiki da makamashin nukiliya, wanda Hyman Rickover ke jagoranta, mutumin da duk rundunar ta sani da rashin sassauci. Carter ya sha ba da labarin ganawarsu. Rickover ya tambaye shi na nawa ya zo a ajinsu, ya amsa da alfahari cewa na 59 cikin 820. Maimakon yabo, sai aka tambaye shi ko ya yi iyakar ƙoƙarinsa. Har zai ce e, sai ya tuna lokutan da ya yi sakaci, ya ce gaskiya ba kullum ba. Rickover ya dube shi ya ce, me ya hana? Ya juya masa baya, hira ta ƙare. An ɗauke shi aikin, amma tambayar ba ta sake shi ba har tsufansa.

A Disamba 1952 wata tukunyar nukiliya ta gwaji ta samu haɗari a Chalk River da ke Kanada. Carter, yana ɗan shekara 28, ya jagoranci wata tawagar sojan ruwan Amurka da aka tura taimaka wa aikin kwance ta. Tururin gubar ya yi yawan da ba a barin mutum ya wuce daƙiƙa 90 a ciki. Sai aka gina kwatankwacin wurin a wani filin wasa da ke kusa, kowa ya yi ta maimaita abin da zai je ya yi, wane noti zai kwance, da wane hannu, har ya zauna masa. In lokaci ya yi mutum ya ruga ciki, ya kwance nasa, ya fito, na baya ya ɗora daga inda ya tsaya. Ya ce wata shida ana ganin alamar gubar a fitsarinsa.

Na tsaya a kan wannan ne domin irin wannan tsari shi za a sake gani bayan shekara 34, a wani yaƙi daban: a raba babban aiki gutsure-gutsure, kowa ya san nasa, a ƙirga abin da aka yi, a koma gobe.

Komawar farko

A 1953 aka kira shi gida, ciwon daji ya kama mahaifinsa. Ya ɗauki hutu ya zauna bakin gadonsa. Abin da ya gani a kwanakin nan shi ya sauya masa lissafi. Mutane ke ta sintiri a gidan, fari da baƙi, kowa da labarinsa: wannan an yafe masa bashi, wancan an taimaki iyalinsa a ɓoye lokacin da suka shiga matsi, wasu yaran an saya musu kayan bikin gama makaranta ba su san daga ina ba. Ɗan da ya san ubansa da tsare gida da bulala sai ga shi yana jin wani Earl da bai taɓa sani ba. Ya tambayi kansa, shi in ya mutu a wata bariki, wa zai zo da irin wannan shaida? Uban ya rasu a Yuli, kafin shekara ta ƙare ya ajiye aiki.

Labarin yana da daɗin ji in aka tsaya nan. Sai dai akwai wadda ba a tambaya ba. Carter bai shawarci Rosalynn ba, sanar da ita kawai ya yi. Ita kuwa rayuwar bariki ta ba ta 'yancin da ba ta taɓa samu ba a Plains, inda uwa da suruka ke sa ido a kan komai. Ta yi fushi matuƙa. A doguwar tafiyar mota daga Schenectady, garin da yake aiki a jihar New York, zuwa Jojiya kusan ba ta ce masa uffan ba. In tana son a tsaya, sai ta gaya wa babban ɗansu ya gaya wa ubansa. Mutumin da ake yabo da riƙon iyali, da wannan ya fara.

Da suka iso ba su da kuɗin kama gida, sai gidajen gwamnati na masu ƙaramin ƙarfi suka shiga. Shekarar 1954 fari ya yi ɓarna, ribar da sitonsu na gyaɗa da taki ya kawo ba ta kai dala 200 ba. Hafsan da ake horarwa kan nukiliya ya koma ɗora buhuna a mota. A nan ne al'amarin gidan ya fara gyaruwa, kuma ba da lallashi ba. Wata rana aiki ya yi masa yawa, ya roƙi Rosalynn ta zo ta tsare masa ofis. Ta karɓi littattafan lissafi, ta yi kwas ta koyi aikin akawu, kafin a jima ta fi shi sanin inda kuɗi ke shiga da inda suke zurarewa. Ya fara jin shawararta domin ita ke da alƙaluma a hannu.

Amma hali zanen dutse. A 1962, ranar da ya cika shekara 38, ta gan shi yana saka kwat ɗinsa na zuwa coci alhali ba Lahadi ba ce, ta tambaye shi ko rasuwa aka yi. Ya ce a'a, takarar majalisar dattawan jiha zai je ya shiga. Nan ma bai gaya mata ba. Da ya tsufa, shi da bakinsa ya ce abin yana ba shi mamaki da kunya yadda ya riƙa yanke irin waɗannan hukunce-hukunce shi kaɗai. Haka kuma 'ya'yansa maza sun girma ƙarƙashin uba mai horon soja, mai kallon agogo, mai rowar yabo, kuma ya amsa cewa ya tsananta musu kamar yadda aka tsananta masa. Autarsu Amy, da aka haifa a 1967, ita ta samu uban da ya riga ya yi laushi.

A garin kuma ya shiga duk abin da ake shiga: dikon ne a coci, yana hukumar ilimi ta yankin, yana ƙungiyoyin taimakon jama'a. Wannan lokaci ne da kudancin Amurka ke tafasa, bayan kotun ƙoli ta haramta raba makarantu bisa launin fata a 1954. Turawan yankin suka kafa ƙungiyar kare wariya, suka zo masa ya shiga, ya ƙi, har aka ƙaurace wa sitonsa na ɗan lokaci. A 1965 da cocinsu ta kaɗa ƙuri'ar hana baƙaƙe shiga ibada, shi da iyalinsa suna cikin 'yan tsirarun da suka ce ba su yarda ba. Waɗannan abin yabo ne. Sai dai bai fito fili ya mara wa gwagwarmayar baƙar fata baya ba a shekarun da abin ke da haɗari, kuma bai taɓa haɗuwa da Martin Luther King ba alhali jiharsu ɗaya. A takarar gwamna ta 1970 ya yi zawarcin ƙuri'un masu ra'ayin wariya ta hanyar da ko magoya bayansa ba sa son tunawa. Da aka rantsar da shi a 1971 sai ya tsaya ya ce zamanin nuna bambancin launin fata ya wuce, waɗanda suka zaɓe shi suka saki baki. Ko dabara ce ko tuba ce, Allah masani. Ni dai ina ganin akwai kowanne a ciki.

Shekara huɗu a fadar White House

Ba mulkinsa ne batun wannan nazari ba, don haka a taƙaice. Ya hau a Janairu 1977, washegari ya yi afuwa ga matasan da suka guje wa shiga yaƙin Vietnam, abin da ya ɓata wa tsoffin sojoji da yawa rai, ganin nasu ne ya yi. Ya sa hannu a yarjejeniyar mayar wa Panama mashigin ruwanta. Ya tsare Anwar Sadat na Masar da Menachem Begin na Isra'ila kwana 13 a Camp David a 1978 har suka cim ma matsaya. A shekarar ce ya zo Legas wurin Janar Olusegun Obasanjo, ziyarar aiki ta farko da wani shugaban Amurka ya kawo Afirka kudu da Sahara. (Gadar Carter da ke Legas ba sunansa ta ci ba, na wani gwamnan mulkin mallaka ne, Gilbert Carter.) Ya sa Amy a makarantar gwamnati a Washington. Rosalynn kuwa, wadda da ba a shawartarta, har zaman majalisar ministoci take shiga ta zauna tana rubutu.

Tsadar kaya da layin mai suka ci masa tuwo a ƙwarya, sannan ga Amurkawa 52 da aka yi garkuwa da su a Tehran kwana 444. Yunƙurin ceto su a Afrilu 1980 ya watse a hamada, sojoji 8 suka mutu. A zaɓen Nuwamba Ronald Reagan ya kayar da shi warwas, jihohi 6 kacal ya ci da birnin tarayya.

Komawa ta biyu

Yana da shekara 56 ya koma Plains. Kasuwancin gyaɗar da ya damƙa wa amintattu kafin ya hau mulki ya tarar da bashin fiye da dala miliyan ɗaya a kansa, dole aka sayar. Suka shiga gidan da suka gina a 1961, gida mai ƙasa, irin na kowane ma'aikaci mai rufin asiri, kuma a ciki suka zauna har mutuwa. Bai shiga hukumar gudanarwar manyan kamfanoni ba, bai mai da yawon lacca sana'a ba. Littattafai ya riƙa rubutawa yana samun na cefane, in ya gaji ya shiga ɗakin kafintarsa, wanda ma'aikatansa suka haɗa masa kayan aikinsa a matsayin kyautar ban kwana.

A 1982 suka kafa Cibiyar Carter a Atlanta, da haɗin gwiwar Jami'ar Emory. Nufin farko sulhunta masu rikici ne. Abin da cibiyar ta fi shahara da shi daga baya kuwa wata tsutsa ce da duk dattijon da ya tashi a ƙauyukan Sakkwato, Zamfara, Katsina ko Damagaram ya sani: kurkunu.

Wanda bai taɓa gani ba, ga yadda take. Mutum ya sha ruwan tafki ko kududdufi mai ɗauke da wasu ƙananan ƙwari da ido ba ya cika gani, a cikinsu akwai 'ya'yan tsutsar. Kimanin shekara guda ba ya jin komai, tana can tana girma a jikinsa har ta kai kusan mita ɗaya. Sannan sai bororo ya taso, galibi a ƙafa, da zafi kamar an ɗora garwashi. Mai ciwon ya tsoma ƙafar a ruwa don ya ji sanyi, ita kuma nan take ta zubar da dubban 'ya'yanta, zagaye ya sake farawa. Babu allurar rigakafi, babu magani. Sai dai a naɗe ta a tsinke, a riƙa ja kaɗan-kaɗan, kwanaki ko makonni. In ta tsinke a ciki, ciwo ya ƙaru. Sau da yawa kuma lokacin aikin gona take fitowa, shi ya sa Dogon na Mali ke kiranta cutar da ke barin rumbu wayam.

A 1986, lokacin da cibiyar ta karɓi jagorancin yaƙin, an ƙiyasta mutum miliyan 3.5 ke kamuwa kowace shekara a ƙasashe 21 na Afirka da Asiya. Carter ya fara ganin cutar da idonsa a 1988 a wasu ƙauyuka kusa da Accra, inda ya ga wata matashiya da tsutsar ke fito mata ta nono. Binciken da aka yi gida-gida a Najeriya a ƙarshen shekarun 1980 ya gano mutum fiye da 650,000, adadin da ya fi na kowace ƙasa a duniya.

To yaya ake yaƙar cutar da ba ta da magani? Da ƙyallen tace ruwa, da ɗan bututu mai rariya da makiyayi zai rataya a wuya ya sha ruwa da shi a daji, da maganin Abate da ake zubawa a tafki ya kashe ƙwarin, da rijiyar burtsatse inda aka samu hali. Sama da duka, da mutum ɗaya ko biyu a kowane ƙauye, 'yan sa kai, masu littafi a hannu: wa ya kamu, yaushe ta fito, an ɗaure ciwon, an hana shi shiga ruwa? Rahoto ya tashi daga ƙauye zuwa ƙaramar hukuma, zuwa jiha, zuwa Atlanta, wata bayan wata. Likitoci irin su Donald Hopkins su suka tsara dabarun. Aikin Carter shi ne buɗe ƙofa. Shi ke iya shiga wurin shugaban ƙasa da alƙaluma a hannu ya tambaye shi me ya sa maƙwabciyarsa ta fi shi rage cutar, tambayar da ba ta da nisa da wadda Rickover ya yi masa.

Ya kuma san amfanin tsoffin sojoji. A Mali ya jawo Janar Amadou Toumani Touré bayan ya miƙa mulki ga farar hula a 1992. A Najeriya ya jawo Janar Yakubu Gowon, wanda daga ƙarshen shekarun 1990 ya riƙa shiga ƙauyukan da cutar ta yi katutu, yana matsa wa gwamnoni da shugabannin ƙananan hukumomi su haƙa rijiyoyin da suka yi alkawari. Inda ma'aikacin lafiya zai yi wata yana zarya ofis, tsohon shugaban ƙasa na isowa za a ga motar haƙa rijiya ta biyo baya. A Sudan kuwa, a 1995, Carter ya shawo kan gwamnatin Khartoum da 'yan tawayen kudu suka tsagaita wuta na kusan wata shida don ma'aikatan lafiya su shiga.

Mutum na ƙarshe da ya kamu a Najeriya an gan shi a 2008, a jihar Inugu. A Disamba 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar wa Najeriya da Nijar cewa sun rabu da kurkunu, Gana ta biyo baya a 2015. A 2022 mutum 13 kacal aka samu a faɗin duniya. Yaro ɗan shekara 15 a Gusau ko Mirya yau sai dai a ba shi labari. Ba kurkunu kaɗai ba: ofishin cibiyar da ke Jos ya yi shekaru yana raba maganin tsargiya da na makantar bakin kogi, kuma a 2017 aka sanar da daƙile yaɗuwar tundurmi a jihohin Filato da Nasarawa. Shirin noma na Sasakawa, wanda manoman masara a Kano da Kaduna suka sani tun shekarun 1990, shi ma Carter na cikin waɗanda suka assasa shi tare da Norman Borlaug.

Bai kasance baƙo mai daɗin sha'ani ba kullum. Da ya zo sa ido a zaɓen shugaban ƙasa na Najeriya a 1999, duk da sanayyarsa da Obasanjo, ya ce yawan ƙuri'un da aka sanar a wasu jihohi bai yi daidai da mutanen da tawagarsa ta gani a rumfuna ba, don haka ba zai iya tabbatar da sakamakon ba. Shugabannin Amurka da suka biyo bayansa ma sun sha jin haushinsa, domin yakan shiga sulhu a Koriya ta Arewa ko Haiti ya yi gaban kansa, ya sanar wa duniya kafin ya sanar musu. Matsayinsa kan Falasɗinu a 2006 ya jawo masa zagi a gida, har wasu mashawartan cibiyarsa suka yi murabus. Mutum ne mai taurin kai, mai ganin shi ke da gaskiya, kuma kyautar Nobel ta zaman lafiya da ya samu a 2002 ba ta rage masa komai a wannan hali ba.

Guduma da darasin Lahadi

Abin da Amurkawa suka fi gani da idonsu shi ne guduma. Ƙungiyar Habitat for Humanity, mai gina wa masu ƙaramin ƙarfi gidaje, hedikwatarta na garin Americus, 'yar tazara daga Plains. A 1984 Carter da Rosalynn suka hau bas da sauran 'yan sa kai zuwa New York don gyara wani tsohon bene, suka kwana a coci kamar kowa. Daga nan ya zama al'ada, mako guda kowace shekara, sama da shekara 30, gidaje fiye da 4,000 a ƙasashe 14. Tsarin ba sadaka zalla ba ne: mai gidan yana zuba nasa gumin a ginin, sannan ya biya kuɗin a hankali. Waɗanda suka yi aiki kusa da shi sun ce ba ya son a tsaya ɗaukar hoto ana aiki. A Oktoba 2019, yana da shekara 95, ya faɗi a gida aka yi masa ɗinki 14 a goshi. Da ido a kumbure ya tafi Nashville wurin ginin.

A Plains kuwa, malamin darasin Lahadi ne a ƙaramar cocin Maranatha. Mutane kan kwana a mota a harabar cocin don su samu wurin zama. In layinsa ya zo shi ke yanke ciyawar harabar, Rosalynn na share ciki, farantan katako da ake karɓar baiko da su ma shi ya sassaƙa. A 2017 ya ba da hayar wani yanki na gonarsa aka kafa faifan sola da ke iya ba garin kimanin rabin wutar da yake buƙata.

Zaman auren nasu ya kai shekara 77, mafi tsawo a tarihin shugabannin Amurka. Harshe da haƙori ma ana saɓawa: sun ce lokacin da suka yi ƙoƙarin rubuta littafi tare a shekarun 1980 saura ƙiris su rabu, har ta kai sai dai su riƙa aika wa juna saƙo a rubuce a gida ɗaya. Ƙa'idarsu biyu ce, ba sa kwanciya da fushi, kuma kowane dare suna karanta Littafi Mai Tsarki tare, wani lokaci da Sifaniyanci don kada harshen ya gudu musu. Uban da a da ba ya zama gida ya koma mai tara 'ya'ya da jikoki tafiya hutu duk ƙarshen shekara, da kuɗin aljihunsa.

A Agusta 2015 ya tara 'yan jarida ya gaya musu cewa ciwon daji ya kai masa hanta da ƙwaƙwalwa. Ciwon daji ne ya ɗauke mahaifinsa da ƙannensa uku, don haka ya san abin da ake nufi. Yana murmushi ya yi bayanin. Da aka tambaye shi burinsa, ya ce yana so kurkunu ta ƙarshe ta riga shi mutuwa. Maganin ya karɓe shi, a Disamba ya sanar a cocin cewa ba a ga ciwon ba. Bayan mako biyu jikansa ɗan shekara 28 ya rasu farat ɗaya. Da safiyar nan ya zo cocin a makare, ya gaya wa jama'a dalili, ya koyar da darasinsa.

Ta uku

A Fabrairu 2023 ya ce ya gama da asibiti, a bar shi a gida a riƙa rage masa raɗaɗi. Kowa ya ɗauka kwanaki ne. Sai Rosalynn, wadda ciwon mantuwa ya kama, ta riga shi, ranar 19 ga Nuwamba 2023, tana da shekara 96. Aka kawo shi wurin addu'arta a keken marasa lafiya, an rufa masa bargo mai hotonsu su biyu, bai iya cewa komai ba. Ya cika shekara 100 ranar 1 ga Oktoba 2024, shugaban Amurka na farko da ya kai haka, ya rasu ranar 29 ga Disamba.

Da ayarin gawar ya tsaya gaban gonar Archery, aka kaɗa tsohuwar ƙararrawar gonar sau 39. A babbar majami'ar Washington ranar 9 ga Janairu, shugabannin Amurka biyar, mai ci da tsofaffi, suna zaune a wurin, ɗan Gerald Ford ya karanta ta'aziyyar da mahaifinsa ya rubuta ya bari kafin ya rasu a 2006. Ford ɗin da Carter ya kayar a zaɓen 1976, daga baya suka zama aminai har suka yi alkawarin kowa zai yi jawabi a jana'izar ɗan'uwansa. Jikansa Jason kuma ya ba mutane dariya da labarin gidan kakanninsa: wayar tarho mai igiya a bangon kicin, da ledojin ajiye abinci da ake wankewa a shanya kusa da wurin wanke-wanke don a sake amfani da su. Rundunar sojan ruwa tana da jirgin ƙarƙashin teku mai sunansa tun 2005.

Da yammacin ranar aka mayar da shi Plains, aka binne shi kusa da Rosalynn a farfajiyar gidan nan na 1961. Burinsa na 2015 bai cika ba. A shekarar da ya rasu an samu mutum ƙasa da 20 da kurkunu, a Cadi da Sudan ta Kudu, kuma tun 2012 aka gano tsutsar ta samu mafaka a jikin karnukan ƙauyukan masunta da ke bakin kogin Chari. Yanzu a can ana ɗaure karnuka lokacin da take fitowa, ana binne hanjin kifi kada su ci, ana ba da tukuici ga duk wanda ya kawo rahoto, 'yan sa kai kuma suna cike littafinsu na wata.